Baba Ba-a-Huda da Bangonsa

In aka ce in faɗi mutumin da na fi jin haushi a shekarar da na yi ina karatu a ƙasar waje, ba sai na yi dogon tunani ba. Ba malamin da ya kayar da ni a gwajin farko ba ne, ba kuma matar kamfanin intanet da ta riƙa ce min "ki ƙara haƙuri" da muryar lallashin jinjiri ba. Wani tsoho ne gajere mai ɗingishi, mai kula da gidan da makaranta ta kama mana haya. Sunansa na gaskiya ban taɓa riƙewa ba, kuma ban yi asarar komai ba. Baba Ba-a-Huda ɗaliban gidan suke ce masa, don da wannan maganar yake tarbar kowane baƙo kafin ya ce sannu da zuwa.

Ni ma haka ya tarbe ni. Ina janye da akwati, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman jirgi, ya buɗe min ɗaki ya tokare bakin ƙofa.

"Ba a huda bango," ya ce. "Ba a kafa ƙusa. Ba a manna hoto da gam. In kina da abin ratayewa, ga kabad can."

Sannan ya miƙo min makulli kamar mai ba da aron ransa. Na ce to, Baba, na gode. A raina na ce mene ne nawa da bango, ni da na zo karatu? Ashe bangon nan ne zai zame min ƙarfen ƙafa.

Na baro 'ya a gida, shekararta biyar, kurma ce tun haihuwa. Kada wanda ya tambaye ni me ya fitar da uwar irin wannan yarinya daga gida. Dangin miji sun tambaya, nawa ma sun tambaya har na gaji. Kwas ne na shekara ɗaya kan gwajin jini, wanda in na bari ya wuce ba zai sake zagayowa kaina ba, kuma Abbanta da bakinsa ya ce in tafi, zai riƙe ta. Abu ɗaya tak muka dogara da shi: kullum da yamma in ya dawo daga aiki zai kunna kiran bidiyo, ni da ita mu yi hira.

Kowace uwa in kewar ɗanta ta kama ta sai ta buga waya ta ji murya, hankalinta ya kwanta. Ni murya ba ta tsinana min komai. Da hannu muke magana, kuma ba irin maganar hannun da ake koyarwa a makaranta ba ce. Tamu ce ta cikin gida, wadda muka ƙirƙira tun tana rarrafe. Ruwa, yatsu biyu a leɓe. Kyanwar maƙwabta, a ja gashin baki a iska. Kakarta, a duƙa a riƙe ƙugu, kuma Allah ya sa tsohuwar ba ta taɓa ganewa ba. Da hannuwan nan take ba ni labari mai tsawo, da gulma, da ƙarya ma in ta ga dama. Abbanta, bawan Allah, bai wuce "ci," "kwanta" da "bari" ba. Duk abin da ke zuciyar yarinyar nan ta wurina yake fita, in ba ni, to ba ta da abokin hira a duniya.

Ɗakin da aka ba ni kuwa na baya ne a ƙasa, tagarsa tana kallon katangar wani gida. Bangonsa kauri gare shi, sabis ɗin waya ba ya ko leƙowa. In ina son kira sai na fito ƙofar gida na tsaya a gefen titi, waya a jingine kan akwatin wasiƙu don hannuwana biyu su sami sarari. A can gida sabis ɗinsu lafiya lau, nawa ne gurgu. Da yamma kowa a unguwar yana kan waya, hoto sai ya daskare. Maganar baki in ta yanke kana iya cike gurbin da kanka. Hannu in ya tsaya cak a tsakiyar alama, ba ka san "zo" za a ce ko "tafi" ba. Na gwada a makaranta, na tarar sun toshe kiran bidiyo a layinsu. Na gwada wani shagon shan shayi mai intanet kyauta, hoton ya fi na titi lalacewa, ga mutane suna satar kallona kamar mai taɓin hankali. Na nemi canjin ɗaki, ofishin ɗalibai suka ce sai shekara ta zagayo. Mafita ɗaya ta rage, a ja min layi har cikin ɗakina.

Na yi rajista da kamfani. Suka aiko da ɗan akwati mai fitilu a cikin kwali, har da saƙon taya murna, wai barka da shigowa babban iyalinsu. Iyalin wa? Suka sa rana, suka ce ma'aikacinsu zai zo tsakanin safe da azahar. Jama'a, wane irin alƙawari ne wannan? Ko mai naƙuda ta fi su sanin lokaci. Na bar lacca na zauna, ko banɗaki ban shiga ba don kada a ƙwanƙwasa ban ji ba. Shiru kake ji. Da la'asar saƙo ya shigo, wai sun zo ba su same ni ba.

Sai daga baya na gano yadda aka yi. Mutumin ya zo, Baba ne ya buɗe masa babbar ƙofa. Da ya hango injin huda a jakarsa sai ya ce babu mai wannan sunan a gidan nan. Kuma wai bai yi ƙarya ba, tunda bai san sunan kowa ba. Da ɗaki yake kiran mutane: na saman bene, ta kusa da famfo, ta ɗakin baya.

Na sake bin layin waya, na sha kiɗan jiransu har na haddace shi, aka sake sa rana bayan makonni. Wannan karon a kan dakalin ƙofar gida na zauna tun sassafe. Ma'aikacin ya iso, wani mutum mai tumbi da biro saƙale a kunne, gajiya a fuskarsa tun kafin ya fara aiki. Mai Kebul na sa masa. Ya duba ɗaki, ya duba sandar da layi yake a waje, ya ce aikin ba wuya, huda ɗaya ce a ƙasan taga. Ya durƙusa yana buɗe jaka ke nan, sai muka ji ɗingishi a baya.

"Ta ɗakin baya, wane ne wannan?"

"Mai haɗa min intanet ne, Baba."

Mai Kebul ya yi murmushi ya ce, "Baba, 'yar huda ce ƙarama, ko ɗan yatsanka ba zai shiga ba."

"Da ɗan yatsa ake farawa," in ji Baba. "Ka san abin da ke cikin bangon nan?"

"Bulo da siminti mana."

"To, je ka huda na gidanku."

Na danne zuciyata, na kwantar da murya, na ce Baba don Allah, abin yana da muhimmanci. Ya ce sai da izinin mai gida. Ina mai gida? Yana wani gari. A ba ni lambarsa. Ba ya son a ba da lambarsa. To yaushe za ka gaya masa? In ya kira. Yaushe yake kira? In ya ga dama. Mai Kebul ya zuge jakarsa, ya dube ni da tausayi irin na wanda ya saba gani, ya tafi. Baba kuwa bai bar ɗakin ba sai da ya shafa wurin da mutumin ya dafa da tafin hannu, ko ya bar masa datti.

A bakin mai shagon kwanar layinmu na ji tarihinsa. Mata ce mai surutu, in ka je sayen sabulu sai ka dawo da labarin unguwa kaf. Ta ce Baba mai filasta ne tun yana saurayi, kuma wannan gidan da muke ciki da hannunsa ya shafe shi, ciki da waje, lokacin uban mai gidan na yanzu yana raye. Ya yi shekaru yana bin gine-gine, har wata rana katakon da yake takawa ya karye da shi daga hawa na biyu, ƙugunsa ya goce. Da ya tashi daga jinya ba wanda zai ɗauki gurgu ya hau sama, sai tsohon mai gidan ya ba shi ɗakin ƙarƙashin matakala da tarin makullai. Tun ran nan ya koma gadin aikin hannunsa. Sauran gidajen da ya shafe an rushe wasu, wasu an lulluɓe su da gilashi, wannan ne kaɗai ya rage masa.

"Ki shiga ɗakinsa ki gani," in ji mai shago, tana dariya har da riƙe ciki. "Hoton aurensu a kan tebur yake a jingine. Kalanda ma a jingine. Matarsa ta yi shekara da shekaru tana roƙon ƙusa ɗaya ta rataye madubi, har ta haƙura, a durƙushe take kwalliya."

Ita dariya take, ni ban ga abin dariya ba. Na kuma fara lura da shi. Kullum da safe zai bi baranda yana shafa bango da tafin hannu, a aljihun rigarsa akwai ɗan cokalin magina da gwangwanin farar filasta. In ya tarar da inda akwatin wani ya karce, sai ya tsuguna ya cike, yana gunaguni kamar an zagi uwarsa. Ɗalibi zai yi zazzaɓi ya kwana uku bai fito ba, Baba bai sani ba. Amma ƙuda ya yi kashi a bangon hawa na uku, kafin azahar ya goge.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙarshen mako. 'Yarsa takan kawo masa jikarsa, 'yar yarinya sa'ar tawa. Sai ka ga tsohon nan da ba ya dariya ya ɗora ta a wuya yana ɗingishi da ita a tsakar gida, tana ja masa kunne tana ce masa mijina. Ni kuma ina wucewa da waya a hannu zan je gefen titi in yi bara wurin sabis. Wallahi na sha yi musu kallon da ni kaina na san bai dace ba.

Ita kuwa 'yata ta fara gajiya. Da farko in hoto ya daskare takan jira. Daga baya ta koma bubbuga wayar da tafin hannu, tana tsammanin ni ce na ƙi motsi. Za ta fara ba ni labari da ɗoki, hannuwa suna tashi, sai in ga rabin fuskarta a tsaye, in hoto ya dawo ta riga ta kai ƙarshe tana jiran in yi dariya, ni kuma ban san me aka ce ba. In na ce ta maimaita sai ta turo baki. Abbanta yana gefe yana cewa, "Ki yi haƙuri, yau rigima take ji." Ba rigima ba ce. Na san 'yata, gani take uwarta ta daina saurarenta.

Mai gida bai kira ba, ko ya kira ba a gaya masa ba, oho. Ni dai na koma wa Mai Kebul, don ya bar min lambarsa. Ya ce akwai dabara. Akwai wani siririn kebul mai faɗi da ke iya bi ta gefen taga ba tare da an huda komai ba, sai dai a waje za a kama shi a jikin bango da 'yan maƙalai masu ƙananan ƙusoshi, ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Na ce ƙusa fa? Ya ce ta bayan gini ce, wa yake zuwa can? Muka jira ranar da Baba yake raka matarsa asibiti. Mai Kebul ya zo a kan lokaci, karo na farko a tarihin kamfaninsu, ya yi aikinsa sumul, ya jona akwati. Ya ce saura a kunna layin daga ofis, gobe da rana fitila za ta koma kore.

Da yammar nan na fita gefen titi da rawar jiki. Allah ya taimake ni hoto ya tsaya na ɗan lokaci, na samu na gaya mata: gobe. Gobe za ki gan ni sosai, ba tsayawa, mu yi hira har ki gaji. Ta tambaye ni da gaske? Na ce da gaske. Ta sake tambaya, na sake rantse mata. Ta yi tsalle har wayar ta faɗi daga hannun Abbanta.

Washegari ban san abin da malami ya faɗa a lacca ba. Ana tashi na kamo hanya kusan da gudu. Ina shan kwanar baranda na hango wani abu a bakin ƙofata. Kebul ɗina ne, an naɗe shi tsaf, an ɗaure da zare. A gefensa ga 'yan maƙalan an zuba a murfin kwalba, ko ɗaya bai ɓata ba. Na zagaya ta bayan ginin kamar mahaukaciya. Duk inda ƙusa ta shiga an cike, an shafe, an bi da fenti, fentin ma bai bushe ba. Har kyau wurin ya ƙara.

Ban san lokacin da na isa ɗakin ƙarƙashin matakala ba. Yana zaune yana wanke burushi a gwangwani, matarsa tana ninke kaya a bakin gado. Ban yi sallama ba.

"Baba, wa ya ba ka izinin taɓa min kaya?"

"Wa ya ba ki izinin taɓa min bango?" Ko ɗago kai bai yi ba.

"Bangonka? Naka ne? Kai ma fa ɗan karo ne a gidan nan kamar ni! Gadi aka ba ka, ba gado ba!"

Matarsa ta ce, "Haba 'yar nan, sa'an babanki ne fa." Na ce babana ba ya shiga tsakanin uwa da 'yarta. Na faɗi maganganu, na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Da na tsaya jan numfashi ya ce, "In 'yarki kike son ji, ai ga waya tana kamawa a ƙofar gida. Kowa a nan yake kiran gidansu, ba wanda ya fasa bango."

"Ba ta ji!" na ce. "Kurma ce! Da hannu muke magana, sai ta gan ni in gan ta. Na yi mata alƙawarin yau. Yanzu haka tana can tana jira."

Matar ta saki rigar da ke hannunta ta ce, "Wayyo." Shi ya daina wanke burushin. Har na fara tsammanin an taɓa wani abu a ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ƙusa a bangon waje ruwa take jawowa."

Na fita na bar masa ƙofa a buɗe. Da yamma dole na koma gefen titi. An yi wa 'yata wanka, an sa mata rigar da na saya mata kafin in taho, tana zaune a kujera ta gyara zama kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Tana ganin titi a bayana fuskarta ta canza. Na ɗaga hannu zan yi bayani, hoto ya daskare. Da ya dawo, ta rufe idanunta gam. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane ba. Yaro mai ji in ya yi fushi ya toshe kunne, muryarka tana ratsawa. Ita in ta rufe ido, shi ke nan, ba ka da wata ƙofa. Na tsaya a gefen titi ina ɗaga hannu ga yarinyar da ba ta kallona, ina kuka, motoci suna wucewa.

Daga ranar ta daina zuwa waya. In Abbanta ya kunna sai ta bar ɗakin. Ya ce in ba ta lokaci. A cikin makonnin nan ne ya gaya min ya sa ta a makarantar kurame da aka buɗe kusa da wurin aikinsa, don zaman gida ba abokin hira ya fara mayar da ita mai jifa da kwano. Ya ce shi ma yana zuwa ajin iyaye a ƙarshen mako. Na yi murna, wallahi na yi murna, abin da na daɗe ina so ke nan. Na kuma kwanta na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Ana nan sai ga Baba ya ƙwanƙwasa min ƙofa, da guduma a hannu da wani ƙarfe mai tsini.

"Na yi magana da mai gida," ya ce. "Za a huda. Amma ni zan huda, ba su ba. Injinsu girgiza yake, yana kashe filasta ta ciki."

Ashe lambar mai gida tana kiruwa in an ga dama. Na haɗiye wannan na ce to, Baba, bismilla. Ina tsammanin aikin rabin yini ne. Ranar farko bai huda komai ba, ƙwanƙwasa bangon kawai ya yi ta yi da ƙashin yatsa yana kasa kunne, ya yi ɗigo da fensir ya tafi. Sai aka shiga ruwan sama, ya ce ba a buɗe bango da damshi, sai rana ta fito. Rana ta fito, ƙugunsa ya tashi. Da ya samu sauƙi ya dawo ya zauna a kan 'yar kujera, ƙwas, ƙwas, kamar mai sassaƙa turmi, yana tare garin da tafin hannu kada ya zuba a ƙasa. In na ce Baba yaushe za a gama, sai ya ce, "Gaggawa aikin shaiɗan." Ya karkata hudar ta kalli ƙasa don ruwa, ya zura ɗan bututu, ya shafe gefensa, ya ce kada in taɓa sai ya bushe. Ya bushe, ya zo ya yi fenti. Shi ma sai ya bushe.

Mai shago ta ce in gode wa Allah, tunda take a unguwar nan ba ta taɓa jin ya huda wa kowa ba, ko matarsa. Wai in saya masa ɗan wani abu. Na ce mata mutum ya tura ka rijiya, sannan ya zauna a baki yana tufka igiya mai kyau, sai ka ce masa sannu da aiki? Huda dai ta yi kyau, ban musa ba. In akwai gasar huda a garin nan tawa ce za ta zo ta ɗaya.

Sai kuma kamfani. Na buga, matar nan mai sanyin murya ta ce an rufe buƙatata ta farko, wai an rubuta cewa mai ɗaki ta cire layi da kanta. Sai na sake sabuwar rajista, in koma ƙarshen layi. Na ce ba ni na cire ba. Ta ce ta fahimci damuwata. Na ce ba ki fahimci komai ba. Ta ce ta fahimci wannan ma. Kafin Mai Kebul ya sake tako gidan, rabin shekarar karatuna ya wuce. Baba ya tsaya a kansa har ya zura kebul ta bututu, bai bar shi ya dafa bango ba, sannan ya kwashe gwangwaninsa ya fita. Washegari fitila ta koma kore.

Na share ɗaki, na ɗaura ɗankwali mai haske, na jingina waya a kan littattafai inda hannuwana za su fito sosai. Abbanta ya ce ya lallashe ta tun safe, ta yarda za ta zo. Hoto ya buɗe tar, kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Ta yi tsawo. Haƙorinta na gaba ya fita, ba wanda ya gaya min. Ta ƙura min ido tana jiran in daskare. Na motsa yatsu, na motsa kai, ban daskare ba. Sai ta yi murmushi, ta matso, hannuwanta suka tashi.

Ban gane ko ɗaya ba. Sauri take, alamu ne masu tsari, yatsu suna lanƙwashewa ta hanyoyin da ban taɓa gani ba. Na ce ta maimaita a hankali. Ta maimaita, ban gane ba. Na ba ta amsa da irin tamu ta gida, na tambaye ta kyanwar maƙwabta, na tambaye ta kakarta. Ta karkata kai tana kallon hannuwana kamar yadda ake kallon babba yana gwarancin jarirai. Ta sake gwada nata labarin, karo na uku, har da buga ƙafa. Na yi dariya a inda nake tsammanin wurin dariya ne. Ashe ba wurin ba ne.

Ta juya wurin Abbanta ta yi masa wata gajeriyar magana. Ya amsa mata da hannu, da sauri, ba ko tuntuɓe. Ta ɗaga kafaɗa, ta sauka daga kujera ta fita.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ba komai. Wasa za ta je."

"Abban yarinya, kada ka raina min hankali. Me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai yana murza goshi.

"Cewa ta yi in gaya miki ki bari kawai. Wai ke ba kya jin magana."